Yadda Ake Zaɓar Wurin Ɗaura Ƙarin Filtar Gas A Babbar Mota

Duk mai tifa ko tirela ko kanta da ke aiki a hanyoyin Gombe ya san abin da ke ci masa nozul (masu fesa gas cikin inji) da injekta (famfon da ke matsa gas zuwa gare su): ruwa da datti a cikin gas. Wani daga gidan mai yake zuwa, wani daga jarkar 'yan bumburutu, wani kuma a cikin tankin motar yake taruwa, domin tankin da ya wuni a rana ya kwana rabi, iskar da ke cikinsa kan yi raɓa idan gari ya yi sanyi, raɓar ta gangara ta kwanta a gindi. Ga kuma ƙurar hunturu da ke shiga ta ramin numfashin tanki. Shi ya sa masu motoci da yawa ke ƙara filta a kan wadda kamfani ya sa.

Sayen filtar ba shi ne aikin ba, wurin ɗaura ta shi ne aikin. Ana kawo mana motocin da aka sa wa filta mai tsada, suka koma ba sa tashi da safe sai an buga famfon hannu, ko suna shaƙewa da zarar sun kama hawa da lodi. Idan ka duba, filtar lafiyarta ƙalau, wurin zamanta ne bai yi ba. Wuri mai kyau sharaɗi uku gare shi: ya kasance tsakanin tanki da ƙaramin famfo, a tsayin da famfon ba zai wahala wajen jawo gas ba, kuma inda hannun yaron mota zai kai kowace safiya ba sai ya kwanta a ƙasa ba. Na ukun nan shi aka fi rainawa, kuma shi ya fi lalata aiki.

Kayan da za ka tanada

Filtar kanta, mai kofi a ƙasa da wurin tsiyaye ruwa. Idan ka samu mai famfon hannu a kanta, ka huta.
Tiyon gas na gaske, mai zare a cikin jikinsa, wanda faɗin cikinsa bai gaza na motar ba.
Kawunan haɗi da suka dace da bakin filtar, da sababbin washa na jan ƙarfe.
Kilif masu kyau, biyu ga kowane baki.
Ƙaramin bawul na rufe gas.
Farantin ƙarfe mai kaurin milimita 5 ko 6 domin biraket, da kusoshi da noti masu roba a ciki waɗanda ba sa kwancewa.
Sifanu, sukudireba, fulaya, wuƙa mai kaifi, tef na awo, alli da kwali.
Guntun tiyo mai haske, irin na lebur ɗin magina, domin gwaji kawai.
Gas mai tsabta kamar lita 5, bokiti, tsumma, weji da tukunyar kashe gobara.

Ka ajiye motar a wuri shimfiɗaɗɗe, ka sa weji, ka bar inji ya huce, ka cire kan batir. Idan tifa ce kuma sai an ɗaga bodi, a tokare shi da ƙarfe ko katako mai ƙarfi. Ba a shiga ƙarƙashin bodin da haidirolik kaɗai ke riƙe da shi.

1. Bi layin gas daga tanki har inji

Kafin ka ɗauki sifana, ka san hanyar da gas ke bi. Yana fitowa daga tanki, ƙaramin famfo ya jawo shi, ya tura shi cikin filtar kamfani, daga nan ya shiga injekta, injekta ta matsa shi zuwa nozul. Abin da inji bai ƙona ba ya koma tanki ta wani layin daban. Ke nan a kan tanki layi biyu za ka gani, mai tafiya da mai dawowa, kuma an sha ɗaura filta a kan mai dawowa, ta zauna tsaf tana tace gas ɗin da ya riga ya gama ratsa injekta. Mai dawowa sau da yawa ya fi siriri, kuma idan mota ta yi tafiya yakan fi ɗumi, amma kada ka dogara da ido. Bi layin da hannu har ka ga inda ya shiga. Wanda ya ƙare a bakin ƙaramin famfo ko famfon hannu, shi ne naka. Sa masa alli.

Duba kuma abin da ke kan layin tun daga kamfani. DAF da Howo da yawa suna zuwa da filtar raba ruwa a jikin casis, mai famfon hannu a kai. Tsofaffin Marsandi 911 kuwa sau da yawa ɗan kofi ne kawai mai raga a gindin famfo.  Idan motar mai tanki biyu ce, nemo inda layukan suka haɗu, domin filtar bayan mahaɗar za ta zauna, ba a kan tanki ɗaya ba.

2. Yanke shawara: kafin famfo ko bayansa

Ga mai neman maganin ruwa, amsar ɗaya ce: kafin ƙaramin famfo. Ruwa ya fi gas nauyi. Litar gas ba ta wuce giram 830 zuwa 850, litar ruwa kuwa kilo guda ce cif. Muddin ruwan yana tafe ɗigo-ɗigo manya, da ya shiga filta zai faɗa kofi ya kwanta. Amma idan ya riga ya ratsa famfo, famfon ya kaɗa shi da gas ya zama fari-fari, ƙwayoyinsa sun yi ƙanƙanta, raba su sai da wahala. Bayan haka, famfon kansa yana son kariya daga yashi da tsatsar tanki. Sannan kofin roba mai haske an yi shi ne domin ɓangaren tsotsa, ba domin ya ɗauki matsi mai yawa ba.

Sai maganar laushin filta, wanda ake aunawa da maikiron. Gashin kan mutum ya kai wajen maikiron 70. Filtocin da ake samu galibi 30 ne, ko 10, ko 2. A na kamfanin Racor ma launi ne ke bambanta su, ja 30, shuɗi 10, ruwan ƙasa 2. Alhaji zai zo ya ce, "Malam, a sa min wadda ta fi kowacce tacewa, kuɗi ba matsala ba ne." Sai ka yi masa bayani cikin ladabi cewa ranka ya daɗe, mai tankaɗe ba ta fara zuba tsaki a rariya mai laushi. Idan ka sa mai maikiron 2 a gaba, ita za ta kwashi duk dattin tanki, ta toshe da wuri, famfo ya yi ta tsotsa babu abin da ke zuwa, mota ta rasa ƙarfi, famfon ma ya gaji. A gaba ana sa 30, ko 10 idan filtar babba ce kuma tankin mai tsabta ne. Mai laushi ita ce ta ƙarshe, kusa da injekta, kuma wannan aikin na filtar kamfani ne. Kada a cire ta wai don an sa sabuwa.

Akwai inda hukuncin ke canzawa. Wasu ƙananan motoci famfonsu na lantarki a cikin tanki yake, ke nan layin gaba ɗaya a matse yake tun daga tanki. Nan sai filta mai jikin ƙarfe wadda aka yi domin ɗaukar matsi. Haka idan abin da kake so shi ne ƙarin tacewa mai laushi ga injin zamani mai ƙwaƙwalwa, sai ta zauna bayan filtar kamfani, ita ma ta ƙarfe, kuma sai ka tabbatar tana ɗaukar matsin famfon wannan motar. Ni dai ban cika ba sabon hannu shawarar taɓa wannan ɓangaren ba, domin duk ɗan dattin da ya faɗa layi lokacin aiki, babu sauran abin da zai tare shi kafin injekta.

Bututun ƙarfe da ke tsakanin injekta da nozul kuwa, ko kusa kada ka je da filta. Tsohon nozul yana buɗewa a wajen bar (ma'aunin matsi) 200 zuwa 300, injinan zamani kuma suna aiki da bar 1,600 zuwa 2,000 har sama. Gas mai irin wannan matsi yana huda fatar mutum.

3. Tabbatar da girman filtar kafin ka nema mata wuri

Lissafin da ke yaudarar mutane shi ne auna filta da abin da mota ke sha. Famfo yana jawo gas fiye da abin da inji ke ƙonawa nesa ba kusa ba, ragowar ya sanyaya injekta ya koma tanki, kuma dukkansa sai ya ratsa filtarka. Duba adadin litar da aka rubuta tana wucewa a awa. Racor 500 tana ɗaukar wajen lita 227, 900 wajen 340, 1000 kuma wajen 680. Ta kamfanin Separ kuwa, 2000/5 lita 300 ce, 2000/10 lita 600. Kanta da makamantanta ƙaramar ta ishe su. Tirela da tifa mai taya goma, ka nemi daga 340 zuwa sama, kuma idan kana shakka tsakanin biyu, ɗauki babbar. Girma ba ya cutarwa, ƙanƙanta ke cutarwa. Wannan ya fi zama dole idan motar tana da filtar raba ruwa ta kamfani, domin yanzu famfo ɗaya zai riƙa tsotsa ta cikin filta biyu.

Da ka tsayar da wadda za ka sa, zana girmanta a kwali ka yanke, ka ƙara tsawon da ake buƙata a sama da ƙasa. Da kwalin nan za ka zagaya motar.

4. Nemo tsayin da ya dace

Durƙusa a gefen motar ka dubi abu biyu: gindin tanki da bakin ƙaramin famfo. Bakin filtarka ya faɗa tsakanin waɗannan biyun. A yawancin manyan motoci, wannan yana nufin daidai jikin casis, kusa da kafaɗar tanki.

Idan ka kai ta sama da yawa, misali can saman bayan kai kusa da bututun shan iska, ka ƙara wa famfo aikin ɗaga gas, musamman lokacin da tanki ya yi ƙasa. Kuma ko ɗan yoyon iska ne ya samu, cikin dare gas ɗin zai sulale ya koma tanki, da safe a yi ta buga sitata har batir ya mutu. Idan ka kai ta ƙasa da yawa, ka ba duwatsu da kututture da gefen kwalbati. Gindin kofin kada ya sauko ƙasa da gindin tanki.

Idan filtar ta zauna ƙasa da inda gas ke kaiwa lokacin da tanki ya cika, dole ka sa bawul tsakaninta da tanki. In ba haka ba, ranar da aka buɗe ta domin canji, gas zai yi ta kwarara har sai an toshe da yatsa, kuma idan kofin ya fashe a hanya, tankin ne zai tsiyaye a titi. Bawul ɗin ya zama mai faɗin ciki daidai da tiyo, kada ya zama shi ne maƙogwaron da zai shaƙe layin. Wanda bai samu bawul ba zai iya matse tiyon roba da fulaya mai kullewa, da tsumma a tsakani, lokacin canji kawai. Dabarar wucin gadi ce, yawan yin ta yana kashe tiyo.

5. Zagaya motar da kwalinka

Nan ne aikin yake, kuma nan ya kamata ka ɓata lokaci. Ɗora kwalin a kowane wurin da ya yi maka, ka tambayi kanka me zai same shi idan mota tana tafiya da lodi, ba yadda take tsaye a gareji ba.

Fara da zafi. Salansa, tobo da bututun da ke haɗa su su ne abokan gaba. Kofin roba yana laushi ya tsage, tiyo yana bushewa, kuma gas ɗin da ya ɗiga a kan salansa mai zafi gobara ce. Ni nakan bar aƙalla santimita 30 tsakaninsu, kuma ban taɓa yarda filta ta zauna saman salansa ba ko da nisan ya kai, saboda duk abin da ya ɗiga ƙasa zai nufa. Zafin watan Maris da Afrilu a Gombe ya isa shi kaɗai, ba sai an ƙara masa ba. Gas mai zafi yana tsinkewa, ƙarfin mota ya ragu, injekta ta rasa santsin da take samu daga gare shi. Idan babu makawa sai kusa da zafi, nemi filta mai kofin ƙarfe, ka sa farantin alminiyom a tsakani, da ɗan fili ta kowane gefe domin iska ta riƙa wucewa. Farantin da aka manna a jikin filtar ba ya kare komai.

Sai tayoyi. Bayan tayar gaba wuri ne mai jan hankali domin fili ne a buɗe, amma nan taya ke watso duk abin da ta taka. Tifar da ke ɗibar yashi a rafi, ko tirelar siminti da ke zirga-zirga ta Bajoga da Ashaka, ko mai ɗauko kwal daga Maiganga, idan ka duba ƙarfen da ke bayan tayarta za ka ga fenti ya kankare tas, ƙarfe ya yi fari saboda dukan tsakuwa. Duk inda ka ga irin wannan alama, motar ce da kanta take faɗa maka kada ka sa roba a nan. An taɓa kawo mana tifa da kofinta ya tsage daga gindi kamar faɗin farce, gas bai ko ɗiga sosai ba, amma iska take sha ta wurin, ta mutu a tsakiyar hanya da cikakken lodi. Idan wurin kaɗai ke gare ka, yi mata garkuwar ƙarfe ta gefen tayar, ka bar gefen waje a buɗe domin a ga kofin. Ka kuma juya sitiyari har ƙarshe hagu da dama ka ga inda tayar ke kaiwa.

Sai abubuwan da ke motsi. Sifirin yana lotsawa idan an yi lodi, farfela tana juyawa tana hawa da sauka, bodin tifa yana sauka ya zauna daram a kan casis, tirela kuma idan ta karya kwana gaban bodinta yana sharo filin da ke bayan kai. Motar da ake kifa kanta gaba, kada ka ɗaura komai a jikin kan. Ranar da aka kifa shi tiyon zai tsinke. Kifa kan ka mayar, ɗaga bodin ka sauke, kwalin yana wurin, ka gani da idonka.

Jikin inji ma ban yarda da shi ba. Babbar filta cike da gas tana da nauyi, girgizar inji za ta karya biraket ko ta kwance kawunan haɗi, ga zafi. Cikin casis tsakanin ƙarfunan biyu yana da kariya daga duwatsu, kuma aiki yakan fito da kyan gani, amma wa zai shiga can kullum?

Wurin da ya fi yi mini a yawancin motoci shi ne gefen waje na casis, ɓangaren da tanki yake, tsakanin tankin da akwatin batir ko tukunyar iska, ko daf da gaban tanki inda jikin tankin ke ba ta inuwa. Layi gajere ne, zafi da nisa, ido yana gani. Sai dai kada ta zauna daidai saman kan batir ko inda gas zai ɗiga a kan wayoyi da tiyon iskan burki.

6. Gwada wurin da hannun wanda zai riƙa kula da ita

Kira yaron motar, ba direba ba, ba mai mota ba. Ba shi gorar ruwa da aka yanke, ka ce ya yi kamar zai tsiyaye kofin. Idan sai ya kwanta a ƙasa, ko sai ya cire safaya, ko sai an kifa kai, wurin bai yi ba, domin da damina ba zai kwanta cikin taɓo da asuba a Tudun Hatsi ba, kuma ban ga laifinsa ba. Filtar da ba a tsiyaye ta ba, ruwan zai cika kofi ya tashi ya jiƙa takardar tacewa da ke cikinta, daga nan ya wuce inji a dunƙule, wanda ya fi ɗigo-ɗigon da ake gudu muni.

A ƙasa ka bar filin da gora za ta shiga, kamar santimita 15. A sama kuma ya danganta da irin filtar. Wadda ake buɗe murfi a zaro takardar ta sama tana son fili gwargwadon tsawon takardar, babbar ciki ta kai taƙi guda. Wadda ake murɗewa ta ƙasa tana son wurin da bel ɗin kwancewa zai zagaya. Idan tana da famfon hannu, tafin hannu ya samu wurin dannawa. Ta tsaya a miƙe, kofi a ƙasa; filtar da aka kwantar ko aka karkatar ba ta raba ruwa.

Akwai wata magana da ba a so a faɗa. Wurin tsiyaye ruwa da ke a sarari ƙofa ce ga mai satar gas a inda motoci ke kwana. Maganinsa ba ɓoye filtar ba ne. A yi mata ɗan keji na ƙarfe mai kwaɗo, wanda ake hango kofin ta cikinsa, kuma a riƙa rufe bawul idan za a kwana a baƙon wuri. Direba dai ya tuna ya buɗe kafin ya tashe ta.

7. Biraket

Casis ba wurin walda ba ne, kuma ba a huda leɓensa na sama ko na ƙasa, domin nan nauyin lodi yake, nan kuma tsagewa ke farawa. Kamfanonin motoci sun hana wannan. Nemi ramukan da ke jikin tsayuwar ƙarfen tun daga kamfani, kusan kullum akwai waɗanda ba a amfani da su. Ɗora kwali ka kwafi ramukan, ka kai wa mai walda ya yanka maka faranti ya huda, a yi duk waldar a ƙasa, nesa da motar da tankinta. Idan babu rami ko ɗaya, ana iya ɗaure biraket da faranti biyu da suka rungumi casis, ko a ara kusoshin wani abin da ba na burki ko sitiyari ko sifirin ba, a sa masu tsawo. Idan babu faranti, ƙarfen kwana mai kauri yana yi.

Kusa biyu aƙalla, kuma biraket ɗin ya zama gajere. Mai dogon wuya yana rawa, rawar ce ke karya shi a kan hanya mai gargada. Bayan ka ɗaure, kama filtar ka girgiza da ƙarfinka. Idan ta motsa ba tare da motar ba, sake.

8. Tiyo da haɗi

A kan filtar akwai kibiya ko rubutun da ke nuna shiga da fita. Daga tanki zuwa shiga, daga fita zuwa famfo. Wasu kawunan suna da baki biyu ta kowane gefe domin ka zaɓi wanda ya fi sauƙi, ka toshe sauran.

Zaren bakin filta ba iri ɗaya ba ne. Na Turai da Sin galibi na milimita ne, kamar M14 ko M16, na Amurka kuwa na inci. Idan kan haɗi bai shiga da hannu cikin sauƙi ba, kada ka tilasta shi da sifana, kan filtar alminiyom ne, zai ci zare. Kada ka naɗa farin tef na masu aikin famfon ruwa; guntayensa suna tsinkewa su bi gas. Sabuwar washa ta jan ƙarfe ko zoben roba shi ne daidai, kuma washar da aka taɓa ɗaurewa ba a maimaita ta.

Tiyon ruwa ko na iskar gas ɗin girki ba ya wannan aiki, wani ya kumbura, wani ya bushe, wani kuma ya lotsa ya manne idan famfo ya tsotsa. Motocin da layinsu na baƙar roba mai tauri ne, kada ka yanke ka cusa tiyo a kai ka matse da kilif, domin zai sha iska. Gara ka canza layin gaba ɗaya daga kan tanki. Tiyon ya bi gajeriyar hanya, ba lanƙwasa mai kaifi, ba tudun da iska za ta maƙale a ciki, a ɗaure shi a jikin casis duk bayan taƙi biyu, a sa masa riga a duk inda zai goga ƙarfe. Inda ya tsallaka daga casis zuwa inji ka bar masa ɗan sassauci, saboda inji yana rawa a kan kujerunsa. Kafin ka haɗa, zuba gas mai tsabta ta cikinsa ya wanke ɓurɓushin yanka.

9. Cire iska da gwaji

Cika sabuwar filtar da gas mai tsabta, ka shafa wa zoben robarta ɗan gas, ka ɗaure da hannu. Buɗe bawul. Sassauta kusar cire iska da ke kan filtar kamfani, ka yi ta buga famfon hannu har gas ya fito babu kumfa, sannan ka ɗaure. A tsohon inji, idan ya ƙi tashi, ana sassauta bututun nozul ɗaya ko biyu a buga sitata. A inji mai ƙwaƙwalwa ba a yin haka sam, famfon hannu kawai, da haƙuri. Kada a riƙe sitata fiye da daƙiƙa 15 a bugu ɗaya.

Abin da ya kamata sabon hannu ya riƙe shi ne, yoyon ɓangaren tsotsa ba ya ɗiga. Wurin zai kasance a bushe ƙarau, amma iska na shiga. A nan tiyon lebur ke amfani: sa guntunsa tsakanin fitar filta da famfo, ka tashi motar, ka zuba ido. Kumfar farko ta minti kaɗan ba komai ba ce. Idan ƙananan kumfa suka ci gaba da bin juna a jere, akwai inda take sha. Mayar da tiyon gefen shiga. Idan nan babu kumfa, matsalar a filtar take ko a haɗinta, idan kuma akwai, tana can wajen tanki. Da ka gama, cire shi ka mayar da tiyon gaske, domin gas yana busar da shi ya tsage.

Silo a gareji ba gwaji ba ne. A yi mata lodi, a kama hawan da ake yi idan an fito daga cikin gari za a ɗauki hanyar Bauchi, a taka totur sosai. Idan ta ja kamar da, layin yana wadatar da ita. Idan ta fara shaƙewa a sama, filtar ta yi ƙanƙanta, ko ta yi laushi da yawa, ko tiyon ya matse a wani wuri. A sake gwadawa lokacin da tanki ya kusa ƙarewa, domin nan kuskuren tsayi ke bayyana. Sannan a bar ta ta kwana; idan ta tashi bugu ɗaya da safe, aiki ya yi. Mai hali zai iya sa agogon auna tsotsa a bakin fita, ya yi alama inda allurar take lokacin da filtar ke sabuwa, ya riƙa lura da yadda take hawa.

A makon farko a duba kofin kowace safiya kafin a tashi motar, lokacin da ruwan ya kwana ya kwanta. Za ka ga layi a fili, gas a sama, ruwa a ƙasa, wani lokaci da baƙin kauci mai yauƙi a tsakaninsu. A tsiyaye har gas zalla ya fara fitowa. Idan an buɗe ya ƙi zuba, filtar tana sama da gas ɗin tanki ne, sai a ɗan sassauta kusar iska ta sama, a tsiyaye, a ɗaure, a buga famfo. Takardar farko takan toshe da wuri a tsohuwar mota domin ita ke kwashe dattin da ya shekara a tanki, saboda haka direba ya tafi da guda a akwatinsa tare da sifanar da ke buɗe ta. Idan ta biyu ma ta toshe cikin 'yan kwanaki, a sauke tankin a wanke shi. Bayan tafiyar farko mai nisa, a sake bin kusoshin biraket da kilif ɗin da sifana.